Ƙunshi Ba Ƙauyanci Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana malamai da ɗalibai, ina so in yi muku magana a kan wani abu ƙarami, wanda ƙanƙantarsa ta sa ba mai tsayawa ya dube shi, watau ƙyallen da iyayenmu su ke ɗaure kaya a ciki. Na san wani zai ce, "Haba Malam, duk abubuwan da su ke damun ƙasar nan ka rasa wanda za ka cika mana shafi da shi sai tsumma?" To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mini hukunci.

Bari in fara da laifin kaina. Sa'ad da na ke ɗalibi a makarantar kwana, wata ran Lahadi aka aiko wai ina da baƙuwa a bakin ƙofa. Na fita, sai ga Innata, ta taso tun da asuba daga ƙauyenmu can wajen Liman Katagum, da ƙaton ƙunshi a kanta. Ta ɗaure shi da tsohon zanenta baƙi wanda na sani tun ina yaro, da shi ta goyi ƙannena. A ciki akwai ƙuli-ƙuli da yaji da soyayyar gyaɗa da garin kunu, ko wanne da nasa ƙullin. Iyayen waɗansu yara kuwa da mota suka zo, kayansu cikin manyan ledoji masu rubutun Turanci. Da na hangi abokaina suna kallo, sai na ja ta bayan wani dogonyaro, na aiki yaro ya sayo mini leda, na juye kayan a gurguje, na miƙa mata zanenta. Ba ta ce kome ba har na gama. Ta ninke zanen a hankali, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, zanen ka ke jin kunya, ko mai zanen?" Na rasa abin da zan ce. Kafin in kai ɗakin kwananmu ledar ta yage, ƙuli-ƙuli ya watse a ƙasa, dariyar da na ke gudu ta same ni riɓi biyu. Zanen nan kuwa ya ƙara shekaru yana aiki a gidanmu.

An daɗe da yin wannan, amma tambayar Inna ba ta bar ni ba, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami yau. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ƙunshi bai taɓa gazawa a aikinsa ba. Kunya ce ta kore shi, kunyar nan kuwa a makaranta muka koye ta. Mu 'yan boko mu muka fara ɗaga hanci, muka sa wa mai ƙunshi suna baƙauye, shi kuma mutumin ƙauye da ya ga haka sai ya bi sahunmu don kada a yi masa dariya. Tun da ya ke a makaranta aka ƙulla abin, a makaranta ya kamata a kwance shi. Saboda haka ku da za ku fita ku riƙe aji gobe, maganar nan taku ce.

Mu tuna yadda a ke ɗaukar kaya a garin nan kafin leda ta zo. Tun zamanin da Yakubu ya kafa Bauchi ya kewaye ta da ganuwa fatake su ke shiga da fita ta ƙofofinta, ba a kuwa taɓa jin an fasa ciniki don rashin abin zuba kaya ba. Ko wane kaya da mazubinsa. Hatsi a taiki, mai a tandu, ruwa a salka ko gora, nono a ƙwarya an rufe da faifai, tuwo a akushi. Goro ya kan taso tun daga Gwanja cikin huhu, an lulluɓe shi da ganyen fita, ya yi wata da watanni a hanya bai bushe ba. Malami ya sa littafinsa a gafaka, wanzami ya sa kayan aikinsa a zabira. Kayan aure ma da mu ke ce wa lefe, asalin sunan na kwandon kaba ne da a ke zuba su a ciki, akwati ya zo ya karɓe aikin, suna ya zauna. Abin da ya rage duka, wanda ba shi da mazubi nasa na kansa, ƙyalle ne ya ke ɗaukarsa. Dattijo ya sayi goro ya ƙulle a adiko. Tsohuwa ta ƙulle kuɗinta a haɓar zane. Mai tafiya ganin gida ta tara tufafinta tsakiyar mayafi, ta kama kusurwa huɗu ta ɗaure, ta aza a kai.

Ku dubi kuma irin rayuwar da zane guda ɗaya ya kan yi a hannun uwayenmu. Yana sabo a ɗaura shi a je biki. Ya kwana biyu, ya koma na aikin gida. Daga nan ya zama na goyo, daga goyo ya zama na ƙunshi. In ya fara yagewa a naɗe shi a yi gammo. In gammo ya gaji a yanka a yi tsumman goge-goge, ɗan abin da ya saura a murɗa a yi lagwanin fitila. Wanda ya kai juji kuwa, da ya ke auduga ce, sai ya ruɓe ya zama taki, ya koma gonar da ya fito. Ba wanda ya koya musu wannan a aji, ba su kuma ba shi wani babban suna ba. Su dai sun san abin da aka sha wahala aka noma, aka kaɗa, aka saƙa, aka rina, ba a yar da shi sai ya gama biyan kuɗinsa.

Leda kuwa baƙuwa ce, ba ta ma daɗe a duniya ba. Wani injiniya mutumin ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya ƙago irin mai hannun nan ta cefane, kamfanin da ya ke yi wa aiki ya yi mata rajista a 1965. Daga sinadarin man fetur a ke yin ta. Ta iso mana sannu a hankali, sa'an nan a shekarun 1990 ruwan leda ya zo ya cika ƙasa. Ban ce ba ta da amfani ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ba ta yoyo, ba kuma sai ka tuna ka fito da ita daga gida ba. Abin da ya sa muka karɓe ta hannu biyu-biyu ke nan. Amma baƙon da ya zo da alheri ya ƙi tafiya, har ya toshe wa mai gida ƙofa, lalle a sake duba zamansa.

Wanda ya ke shakka ya tafi Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da la'asar, ya tsaya ya bi mai cefane guda da ido. Tumatir leda, attaruhu leda, albasa leda, gishiri leda, daddawa leda, sa'an nan a ba shi wata babba ya zuba ƙananan a ciki. Daga kasuwa zuwa gida ko rabin sa'a ba a yi ba, aikinsu ya ƙare, an watsar. Mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. In mun ƙaddara gida ɗaya yana karɓar leda 10 a yini, a shekara ya karɓi 3,650 ke nan. Unguwa mai gida 200 ta tara 730,000. To, unguwa nawa ce tsakanin Ƙofar Ran da Yalwa? Ko wace ɗaya daga cikinsu kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye ko tsumma. Rana ta kan sa ta ta kakkarye ta zama gutsattsari, amma gutsattsarin suna nan cikin ƙasa, sai su ga jikokin wanda ya yar da su.

Ina su ke zuwa? Da hunturu iska ta kwashe su ta rataye a kan itatuwa da wayoyin lantarki, ka hanga ka ce hankaki ne suka sauka. Da damina ruwa ya kwashe su ya kai lambatu. Ruwan Agusta in ya sauko da ƙarfi ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya nemi wata, watau zauren mutane da ɗakunansu, katangar ƙasa kuwa ba ta jure kwana cikin ruwa. Wanda ya kwanta a lambatu ya zama gidan sauro, sauro ya kawo zazzaɓi, zazzaɓi ya hana yaro zuwa ajinka. Wannan ba a nan kaɗai ya ke faruwa ba. Ƙasar Bangaladash ta hana siraran ledoji tun 2002, bayan an gano su suka toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyoyin da suka yi mata ɓarna. Ku tambayi manoman da ke kewaye da gari. A da sharar birni dukiya ce, a kan ɗauke ta a jakai a kai gona. Yau sai manomi ya durƙusa yana tsince leda daga cikin takinsa, abin da ya kuɓuce masa kuma fartanya ta riƙa tono shi shekara da shekaru. Ku tambayi mahauta. Za su gaya muku yadda su ke fasa tumbin saniya ko na akuya su fito da leda a dunƙule kamar igiya. Dabba ta lashi gishiri ko mai a jikin leda ta haɗiye, ba ta narkewa, ba ta fita, sai ka ga akuya tana ramewa ciki a kumbure, mai ita yana ta sayen magani bai san cutar ba. Akuyar nan kuwa wataƙila ita ce dukiyar wata gwauruwa, da ita za ta saya wa ɗanta littafi. Wanda aka tara aka cinna wa wuta kuma, hayaƙinsa mu da 'ya'yanmu mu ke shaƙa.

Yanzu bari in kai ku nesa, can gabashin duniya, ƙasar Japan. Na zaɓe ta ne don ba mai iya ce wa mutanenta ƙauyawa. Toyota da Honda da Yamaha da mu ke hawa muna taƙama, daga hannunsu suka fito. To, mutanen nan suna da ƙyallen ƙunshi, suna ce masa furoshiki. A harshensu furo wanka ne, shiki kuwa shimfiɗa, watau shimfiɗar wanka. Sunan ya bazu ne a zamanin da su ke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, sa'ad da gidajen wanka na jama'a suka yawaita. Mutum ya tuɓe ya ƙunshe tufafinsa a ƙyalle don kada su cakuɗe da na wani, in ya fito ya shimfiɗa shi ya tsaya a kai ya sa kaya. Amma al'adar ta girmi sunan nesa ba kusa ba, gama a birnin Nara akwai wata tsohuwar taska mai suna Shosoin, inda a ke ajiye da ƙyallayen da aka naɗe kayan sarauta da su tun ƙarni na 8. Ƙyalle ne kawai mai kusurwa huɗu, ba maɓalli, ba hannu, ba aljihu. Akwai ƙarami na kamar santimita 45, akwai babba wanda ya wuce mita 2. Da shi 'yan kasuwarsu su ke goya haja, da shi a ke ɗaure abincin rana, da shi a ke kai kyauta, sau da yawa kuma mai kyauta ya kan kwance ya miƙa abin, ya koma gida da ƙyallensa. Ashe ba haka mu ke yi da kwanon da muka aika wa maƙwabci da tuwo ba?

Abin da ya same mu su ma ya same su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan kantuna suka fara ba da jakar takarda, daga baya leda, samari suka ga ƙunshi abin tsofaffi ne, aka ninke furoshiki aka jefa ƙasan akwati. Sai a 2006 Ministar Muhalli ta ƙasar, Yuriko Koike, wadda daga baya ta zama Gwamnar Tokiyo a 2016, ta fito da shi gaban jama'a, ta sa aka yi wani da zaren da aka samu daga tsofaffin gorunan roba, ta roƙi mutanenta su koma gare shi don a rage leda. Ta haɗa sunansa da wata kalma tasu, mottainai, wadda su ke faɗa in sun ga an yi ɓarnar abin da bai gama amfani ba, kamar yadda tsohuwa a nan za ta ce, "Kaico, wannan ai almubazzaranci ne." Wangari Maathai, 'yar ƙasar Kenya da ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004 saboda dashen itatuwa, ta ji kalmar nan da ta ziyarci Japan a 2005, ta ɗauke ta ta riƙa yaɗa ta ƙasa-ƙasa. Daga watan Yuli na 2020 kuma doka ta tilasta wa kantunan Japan su karɓi kuɗi a kan ledar cefane. Yau ana koyar da ɗaurin furoshiki, ana buga littattafai a kansa, mutane a Turai da Amurka suna naɗe kyauta da shi maimakon takardar da za a yaga a yar.

Kada in yi muku ƙarin gishiri. Japanawa ba su rabu da roba ba. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya sa su na biyu a duniya, bayan Amurka, wajen yawan sharar robar naɗe kaya da ko wane mutum ya ke zubarwa. Ban kuma ce mu kwaikwaye su ba, gama abin da su ke tonowa daga ƙasan akwati mu namu yana kan uwayenmu har yanzu, ko wace ranar kasuwa ana shigowa da shi gari. Darasin da na ɗauka a wurinsu guda ɗaya ne. Da suka ga ciwo sun tuna da tsohuwar zuma a ke magani, manyansu kuma ba su ji kunyar riƙe ƙunshi a gaban jama'a ba. Abin takaici shi ne, in muka yi sake, wata rana za a kawo mana ƙyallen nan daga waje cikin kwali da baƙon suna, mu saya da tsada muna murna, alhali mun yi wa Inna dariya a kansa.

Na san akwai masu ja da maganata, kuma suna da hujja, bari mu saurare su. Na farko ya ce, "Malam, nama da manja da koko fa, a ƙyalle za a ƙulle su?" A'a. Ƙyalle na busasshen kaya ne da kayan miya: hatsi a ƙaramin buhu, albasa, dankali, kuɓewa, burodi, littattafai, tufafi, sabulu. Mai ruwa da mai maiƙo a tafi musu da kwano mai murfi ko kwalba, kamar yadda a ke yi a da, sa'an nan ƙyallen ya ɗaure kwanon. Ko da rabin ledar gida aka rage, an yi aiki. Leda kuma a bar ta inda ba ta da magaji, kamar asibiti. Na biyu ya ce ƙyalle yana ɗaukar dauɗa. Gaskiya ne, shi ya sa a ke wanke shi a shanya a rana, a kuma ware na abinci dabam da na takalma. Rigar da ke jikinka ma tana ɗaukar dauɗa, ba ka kuwa yar da ita ko wace yamma ba.

Na uku mai ilmi ne, hujjarsa ta fi nauyi. Ya ce auduga ma tana cin ruwa da taki da maganin ƙwari, masaƙa tana cin wuta, saboda haka ƙyalle ba banza a ke samunsa ba. Haka ne. Hukumar Muhalli ta Ingila ta buga wani bincike a 2011, ta ce sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta rama abin da aka ɓata wajen yin ta, in an gwada da ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya, ta fuskar ɗumamar duniya. To, wannan ai goyon bayan Inna ya yi. Ita ba ta sayi sabon yadi don ƙunshi ba, tsohon zane ta sa, wanda ya riga ya biya kuɗinsa tun a wurin biki da goyo. Ƙyallen da ke zuwa kasuwa kullum kuwa, kafin wata biyar ya wuce 131. Wanda zai tara sababbin jakunkuna goma a ɗaki don a ce shi ɗan zamani ne, shi binciken ya kama. Na huɗu ya ce, "Yaran da ke tallar leda a kasuwa fa, da me za su ci?" Wannan tambaya ce ta tausayi, ba na raina ta. Amma a shagon ko wane tela a garin nan akwai ƙyallayen da a ke sharewa a zubar. In an harhaɗa su aka dalmashe baki, sun zama haja, matar da ke da keken ɗinki a cikin gida ta sami sana'a, mai talla ya sami abin sayarwa wanda ribarsa ta fi ta leda.

Akwai kuma masu cewa a bar wa gwamnati, ta kafa doka. Doka tana tafe, ko ba jima ko ba daɗe. Ruwanda ta hana leda a 2008. Kenya ta hana a 2017, da tara mai nauyi ko ɗauri har shekara 4. A nan gida Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da hani a kan siraran ledoji daga 1 ga Yulin 2025. Amma dokar da ta tarar da mutane ba su da abin maye gurbi, mai ƙaramin ƙarfi ta kan murƙushe, mai tumatir da mai ƙosai su ne za su sha kamu. In kuwa ta tarar ko wane gida da ƙyallensa a rataye bakin ƙofa, sai ta wuce ba wanda ya yi kuka. Shirya mutane kafin doka ta iso aikin malami ne.

To, me malami zai yi? Abu na farko, ya fara da kansa. Ya ɗaure littattafansa da allinsa a ƙyalle mai tsabta, ya shiga aji da shi kai a ɗage, ya tafi kasuwa da shi ranar Asabar. Yaro ba ya bin abin da Malam ya faɗa kamar yadda ya ke bin abin da Malam ya yi. Sati na fari za a yi dariya, na biyu a yi shiru, na uku sai ka ga wani ya zo da nasa. Malaman garin nan sun taɓa juya tunanin jama'a a kan abin da ya fi wannan girma. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a nan Bauchi suka zauna a shekarun 1940 suna tattauna al'amuran ƙasa. Shi Malam Abubakar kuwa, malamin makaranta, da babbar rigarsa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, bai ga tufar gidansu ta rage masa kome ba.

Abu na biyu, ya shigar da shi cikin darasi, ba sai an ƙara awa a jadawali ba. A darasin lissafi a sa ko wane yaro ya ƙirga ledar da ta shiga gidansu cikin kwana 7, a haɗa na aji duka a allo, a riɓanya da 52. Adadin da yaro ya ƙirgo da hannunsa ya fi wa'azi shiga kansa. A darasin aikin hannu ko wane yaro, mace da namiji, ya roƙo tsohon zane a gida. Zane mai yadi 2 in an raba shi biyu aka daidaita ya ba da ƙyalle biyu, ko wanne yadi guda ta ko wane gefe, ragowar bakin a yi gammo da ita. A dalmashe da allura da zare. Sa'an nan a koyi ƙulli. Ka kama kusurwa biyu, ka ɗora ta dama a kan ta hagu ka zagayo, ka sake ɗora ta hagu a kan ta dama ka zagayo, ka ja. Ƙullin zai kwanta lafiya, nauyi ba ya kwance shi, in ka zo kwancewa kuma ba ya gardama. Littafi a ajiye shi tsakiya a karkace, a rufo kusurwa biyu masu kallon juna, a ƙulle sauran biyun. Kabewa ko kankana a ƙulle kusurwa biyu na gaba, a ƙulle biyu na baya, a zura ƙulli ɗaya cikin ɗayan, ga hannun riƙewa ya samu. Kwalba biyu a kwantar da su gindi da gindi da ɗan rata, a naɗe, a tayar, a ƙulle bisa, ba za su bugi juna ba.

Abu na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, kada malami ya yi kamar shi ya ƙago abin. Ya gayyato wata tsohuwa daga cikin unguwa, a shimfiɗa mata tabarma gaban aji, ta nuna wa yara yadda a ke ɗaure ƙunshin da zai yi tafiyar yini a kai bai sassauta ba. Malam ya tsaya gefe yana koyo tare da su. Yaron da ya ga an ce wa kakarsa "Sannu da zuwa, Iya, koya mana," a cikin makarantar boko, ba zai ja uwarsa bayan dogonyaro ba ran da ta kawo masa ziyara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ban kuwa taɓa ba ta amsar tambayarta ba. Amsar ita ce, ran nan duka biyu na ji kunya, zanen da mai zanen, don ba su rabuwa. Da aka zo rabon 'yan kayanta na roƙi zane guda, na raba shi biyu, ɗaya yana ɗauke mini littattafai, ɗaya yana zuwa Wunti cefane. Ɗalibanmu da za su fita gwajin koyarwa bana, ina roƙon ko wannenku ya tafi da ƙyalle guda cikin kayansa, in kun dawo ku rubuto wa shafin nan abin da yara suka ce da abin da iyayensu suka ce, ko yabo ko dariya, a buga kowa ya karanta. Allah ya sa mu dace. Wassalam.